Mako Shida Sun Cika, Likita

A ɗakin shan shayi na ma'aikatan asibitin babu wanda bai haddace kurin Dakta Ƙwaya-Ɗaya ba. Cewa yake tun da uwarsa ta haife shi gabansa bai taɓa faɗuwa ba, aljani kuwa in ya isa ya zo ya yanki kati. "Minti biyu," in ji shi. "Na gane ciwon fargaba tun daga takun mutum, ba sai na ɗaga kai ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Ba ya ɗagawa.

Haka wata mai ɗinki ta zauna gabansa tana murza bakin gyale. Ta ce kullum magariba zuciyarta sai ta kama gudu, numfashi ya tsaya mata a wuya, kamar an hau ƙirjinta an zauna.

"Kina barci?"

"Kaɗan, Likita. Ko za ka saurari ƙirjin? Babata ma haka ta fara kafin..."

"Baiwar Allah, ke ce likitan ko ni? Fargaba ce. Ƙwaya ɗaya kullum da safe. Sai ta yi mako shida kafin ta fara aiki, kada in ga ƙeyarki kafin nan."

Abin sauraren ƙirjin yana rataye a wuyansa kamar abin ado. Da ta fita har kwaikwayon muryarta ya yi wa nas, suka yi dariya.

Wata ranar Talata, layi ya ƙare, ya tsaya cike katunan da suka rage. Rana ta faɗi. Aka ɗauke wuta, fanka ta juya sau uku ta tsaya, sai ɗan jan hasken taga. Ya ji an ja kujerar marasa lafiya, ƙiiii.

"An tashi," ya ce, kansa a sunkuye.

"Mako shida sun cika, Likita."

Wani kati ya sulalo kan tebur har ya taɓa hannunsa. Da sanyi, da damshi. Ɗakin da ya saba warin maganin goge ƙasa yanzu kafur yake yi, da ɗanyar ƙasa.

Ya ja biro. "Ya bugun zuciyar?"

"Ya daina."

"Ba na faɗa miki ba? Barci fa?"

"Ina yi. Ba mai tashina."

Ya kai biro zai rubuta an samu sauƙi. Nan ya ga jan layi an ja daga kusurwar katin zuwa kusurwa, irin wanda ma'ajin katuna ke ja wa katin wanda ya riga mu gidan gaskiya. Kwanan watan, sati uku da suka wuce.

Biron ya tsaya.

"Ka saurara yanzu," ta ce a hankali. "Na roƙe ka ran nan."

Ya ɗaga kai. Gyalen dai shi ne. Abin da ke cikinsa bai taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma ba zan ƙaga ba. Mamaci ba ya dawowa, kowa ya sani. Amma wani abu ya ari gyalen nan ya zo, kuma ya san lambar ɗaki.

Yatsu masu sanyi suka kama hannunsa, suka ɗora bakin abin sauraren a ƙirjinta.

Shiru.

Kamar ya kara kunne a bango.

"Ka ji? Maganinka ya yi aiki."

Sai ta juya ƙarfen, ta manna a nasa ƙirjin.

Dum-dum-dum-dum.

"Wannan bugun zuciyata ne. Ba ni da inda zan ajiye shi. Riƙe."

Bai san yadda ya kai ƙofa ba. Mai gadi dai ya ce ya ga Likita ya wuce da takalmi ƙafa ɗaya, ya manta ma da mota ya zo.

Tun daga ranar ba ya kai magariba a ofis. Kowa ya shigo sai ya ƙura masa ido, ya saurari ƙirji gaba da baya, har masu ciwon yatsa. Ya rame. Kurin ne kawai bai rame ba.

Rannan yana cikin yi wa sababbin ma'aikata kuri a ɗakin shayi, "Ni da tsoro ko a mafarki," sai Iya mai ba da magani ta ajiye kofinta, ta zaro wani kati daga aljihu.

"Ɗana, taimaka mini da wannan. Mai ɗinkin nan wata huɗu ke nan da binne ta, amma duk wata sai an karɓar mata ƙwayar fargaba. Da sa hannunka."

"Kuskuren ma'aji ne."

"To. Ita ce kuma ta ninka wa kanta ƙwayar zuwa biyu?"

Hannunsa ya tafi aljihun riga da kansa, takardar ƙwayoyin ta yi ƙaras.

Iya ta dubi agogon bango, ta ɗauki kofinta.

"Sha abinka, Likita. Magariba ta kusa."