Aljihun Rigar Dogo

Ƙaurin bai gama fita daga falon ba lokacin da Dogo ya yi sallama. Ya tarar da Auta zaune a ƙasa, tagogi duk a buɗe, bargon yana kan cinyarta. A tsakiyarsa ga shatin dutsen guga baƙi ƙirin, wutar ta ci har ta ɓulla ta baya.

Bargon aurensu ne. Wata goma sha huɗu ita da Mama suka yi suna haɗa shi da allura, ƙyalle bayan ƙyalle: rigunan marigayi Baba, tsohon labulen ɗakinsu, har da kayan makarantarta na firamare. Mama ce ta koya mata ɗinkin tun kafin ciwon mantuwa ya kama ta. Shekaranjiya suka ɗaure zaren ƙarshe.

Ta gaya masa yadda aka yi, kanta a sunkuye. Kanti kawai ta leƙa sayen sabulu, ko minti goma ba ta yi ba. Mama ta ga bargon ya ɗan yamutse, ta ce bari ta goge wa amarya. Ta jona dutsen, ta kifa shi a kai, sai ta tuna shukokinta ba su sha ruwa ba. Da maƙwabciya ba ta hango hayaƙi ba...

Dogo ya tsuguna, ya gyara tabarau, ya duba ramin yadda yake duba lissafin ɗalibansa. Ya ce ai abin bai kai ya kawo ba, ko kansa ba zai shiga ba, balle a ce riga ta ɗinka masa. Ba ta yi dariya ba.

Saura mako uku a ɗaura musu aure, su wuce ƙasar da ya sami aikin koyarwa. Takardar tafiyar ta mutum biyu ce, miji da mata. An shirya Mama za ta zauna a gidanta, matar yayan Auta tana leƙo ta safe da yamma. Auta ta daɗe tana lallashin zuciyarta cewa hakan ya isa. Yau ta ga abin da minti goma ke iya yi.

"Ba zan tafi ba, Dogo."

Ya ce to shi ma ya fasa, aikin ya sha ruwa. Ta tuna masa da mahaifinsa da idanu suka gaza, da ƙannensa huɗu da suka zuba masa ido, da shekara biyar da ya yi yana neman wannan damar. Ya san gaskiya ta faɗa. Can ya ce zai jira ta, ko shekara nawa ne.

Sai a lokacin ta ɗago. Idanunta sun yi ja.

"Jiran me, masoyi? Ka san abin da za mu zauna muna jira? Ba zan iya ƙirga kwanakin mahaifiyata don in same ka ba... Zan tsani kaina, daga baya in tsane ka."

Daga ɗaki suna jin Mama tana waƙa ƙasa-ƙasa, hankalinta kwance.

Auta ta jawo gwangwanin allura, don hannunta na neman abin yi. Ta bi gefen ƙunar da ƙaramin almakashi, tana yanke duk inda ya ƙone har ta isa lafiyayyen yadi. Ta face bayan da ragowar labule, ta cusa sabuwar auduga a tsakiya, ta daidaita ta da yatsa. Saura fuskar bargon. Ta zazzage jakar ƙyallaye, babu wanda ya kai tafin hannu.

Dogo ya miƙe zai je ya sayo yadi. Ta ce ya zauna. Dokar Mama ce: sabon yadi ba ya zama a irin wannan bargo. A wankin farko zai tsuke, ya ja ɗinkin, ya yage na kusa da shi. Sai wanda ya sha ruwa da rana, ya gama duk wani tsukewar da zai yi.

Ya dubi ƙirjinsa. Rigar nan ce mai gida-gida shuɗi, wadda ya saka ranar da ya fara yi mata magana a ɗakin karatu, wadda kullum take tsokanarsa wai da ita aka haife shi. Ya karɓi almakashin, ya shiga warware aljihun, zare ɗaya bayan ɗaya.

"Wanki ɗari ta sha," ya ce. "Ke shaida ce."

Aljihun ya rufe ramin kamar don shi aka yanka. Ya riƙe mata gefen bargon ya miƙe sosai, ita kuma ta naɗe bakin ƙyallen ciki tana ɗinkin ɓoye, ƙanana-ƙanana. Aikin rabin awa ne. Ta ja shi har rana ta sauka daga taga, shi ma bai ce hannunsa ya gaji ba.

Da ta iso gefe na huɗu, ya roƙe ta ta bar shi a buɗe, ai aljihu ne, ko wata rana a saka wani abu. Ta ce in ta bari, audugar za ta riƙa fita kaɗan-kaɗan har wurin ya zama fanko. Ta rufe shi. Ta ɗaure zaren, ta cije shi da haƙori.

Ta ce ya tafi da bargon, can ana sanyi. Ya girgiza kai, ya ce a lulluɓa wa Mama.

Ta raka shi bakin ƙofa. Inda aljihun ya bari, yadin bai koɗe ba, shuɗinsa na nan sabo fil, daidai saitin zuciyarsa. Shi ta yi ta kallo har ya juya, sannan ta kalli bayansa har ya sha kwana.

Ta ɗora dutsen guga can saman kabad kafin Mama ta fito.

Mama ta zauna, ta jawo bargon, ta shafa facin. Ta juya shi ta duba bayan, yadda take yi tun Auta na koyo, ta ce hannu ya faɗa. Ta tambayi labarin yaron nan mai tabarau, wai kwana biyu ba ta gan shi ba. Sannan ta sake shafa wurin, ta ɗan ɓata fuska.

"Ya yamutse, Autana. Kawo dutse in goge wa amarya."

Auta ta ware bargon, ta lulluɓa mata a kafaɗa, ta kwantar da kanta a kan aljihun.

"Gobe, Mama," ta ce. "Gobe ma rana ce."