Fuskar da Ta Fito Cikin Ruwa

"Kai?! Kai aka ba shagon?"

Kadidiya ta tsaya tsakiyar shagon hoto, hannuwanta na ɗigar ruwan wanki, ta ƙura wa makullan da ke hannun Attaher ido.

"Mushe Markus mai shagon za shi koma Yamai gobe," in ji shi, bakinsa har kunne. "Ya ce ni ne shef, shugaban shagon, ya ƙara mani albashi. Kadi tawa... yanzu ina iya turo magabatana!"

"Wa ya koya maka riƙon kyamara?"

"Ke."

"Wa ka shiga gidaje ɗaukar matan da ba su hita?"

"Ke."

"Wa ya ɗauko hoton mai unguwa babu kai, sai babbar riga da takalma?"

Murmushin ya gudu. "Ni..."

Ba sharri ta yi masa ba. Tun da aka samu 'yancin kai aka ce kowa sai da katin shaida, garin Tawa kaf ya koma neman hoto, kuma rabin cinikin shagon daga hannunta yake fitowa. Shi kuwa Attaher, Allah ya yi masa kyau da sanyin hali, amma in ya ɗauke ka, sai ka yi addu'a kunnenka ya shigo ciki. Tana son sa kamar ranta. Wannan ne ma ya sa abin ya ƙone ta har ƙashi.

"Riƙe shagonka, riƙe magabatanka!" Ta yafa mayafi ta fice.

A bakin ƙofa Habi mai fura, wadda ta daɗe tana ƙara wa Attaher nono ba a tambaye ta ba, ta jawo ta gefe.

"Wallahi tausai kika ba ni. Da kunnena na ji ana ce mace ba ta riƙon shago, kuma daga shi sai Mushe cikin ɗakin."

A gida ma ba ta sami mai lallashi ba.

"Mi kika nema, ɗiyag ga?" in ji Inna. "Albashinai ba cikin tukunyakki za shi ƙarewa ba?"

"Inna, aikina ne aka biya wani!"

"To bar aikin, ki huta. Babanki dama bai taɓa so nai ba."

Washegari da hantsi ta koma kwashe kayanta. Shagon shiru. A kan tebur ta tarar da fim ɗin Attaher ba a wanke ba. Ta kai ƙofa ta dawo. Duk fushinta, ba ta iya barin hoton bayin Allah ya lalace.

Ta shiga ɗakin duhu, ta kunna fitila mai jan gilashi. Ta wanke, ta shanya, ta buga a takarda ba tare da ta tsaya dubawa ba, tana ƙunƙuni: "Bari mu ga wa aka yanke yau."

Ta tsoma farar takardar cikin ruwan magani, tana girgiza tasar a hankali.

Inuwa ta fara tasowa.

Hannu... kyamara... sai fuska.

Kadidiya ta ƙara matsowa kusa da tasar.

Wata mace ce durƙushe a tsakar gida, ido ɗaya manne da kyamara, hannu ɗaya a sama tana tsai da wata tsohuwa. Hasken rana ya zubo a gefen kuncinta, ana ganin har zufar da ke bisa hancinta. Ga kwarjini, ga natsuwa, kamar wadda aka haifa don wannan tsayuwar kaɗai.

"Allahu Akbar..." ta ce can ƙasa. "Ni ce wagga?"

Ta ɗauki fuskoki ba iyaka, amma ba ta taɓa ganin kanta cikin aiki ba. Ta buga na biyu, ta buga na uku, duk ita ce. Babu wanda ya karkace, babu inda aka yanke ko bakin ɗankwali. Hawaye na sauka ba ta ko share ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Kadi... kina ciki?" Muryar Attaher ce.

Ta fito da jiƙaƙƙen hoton a hannu. "Kai ka ce mace ba ta riƙon shago?"

"Mushe ya ce. Ni kau na yi kurum, don ina son albashin da za shi kawo ni gidanku. Kurum ɗin nan ya hana ni cin abinci tun jiya." Ya kalli hoton, kunya ta rufe shi. "Zo mu tahi tasha, motar ba ta tashi ba."

Sun iske Mushe Markus zaune gaban babbar mota, ana ɗaure kaya. Attaher bai ko sassauta murya ba.

"Mushe, ga makullanka. Ban iya aikin ga ba, kai ma ka sani. Ga wadda ta iya."

Fasinjoji suka leƙo. Markus ya karɓi hoton, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni. Amma bar wanda ya ɗauka, Mushe. Dubi wadda ke ciki."

Markus ya sake duba takardar, ya ɗago ya dubi Kadidiya kamar yau ya fara ganinta. Ya miƙa mata makullan da hannu biyu.

"Yafe mini, 'yata. Shagon da albashin duka naki ne."

A hanyar komawa suka wuce Habi, ta duƙufa tana dama furar da ba wanda ya saya. Kadidiya na juya makullan a yatsa, zuciyarta fari ƙal.

"Yanzu ba ni da abin turo magabata," in ji Attaher.

"Turo su. Shef ta yarda." Ta harare shi, murmushi na ƙwace mata. "Amma gaya mani, kai da ka yanke ma mai unguwa kai, ƙaƙa ka yi nawa ya hito haka?"

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Su ɗaukar su nikai, Kadi. Ke kallon ki nikai."