Gidan Da Bai Amsa Ba

A ƙauyenmu na kan tudu, can yammacin tsibirin Jawa, ƙasa takan motsa. Ba irin girgizar nan mai rushe gari ba ce. Kofi ne zai yi ƙara a kan tebur, kaji su ruɗe, sai kuma shiru.

Tun zamanin kakanni, in ƙasa ta motsa, kowa yakan fito ƙofar gida ya ɗaga murya: "Muna nan! Muna nan!" Tsofaffi sun ce wai abin da ke ɗauke da duniya ne yake zaton mutane sun ƙare, shi ya sa ake sanar da shi. Liman yakan yi murmushi in ya ji wannan. Amma bai taɓa hanawa ba, don ya san amfanin abin. In ka yi kira, sai ka saurari maƙwabcinka. Gidan da bai amsa ba, can ake rugawa.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, sunanta Entin. Gidansu ne na ƙarshe a ƙauyen. Maƙwabtansu gida ɗaya ne, na tsohuwa Nini Ijah da ɗanta da jikanta Oding. Tafkin kifin su Entin ne ya raba gidajen biyu.

Entin ce mai kula da kifayen. Kullum da safe takan watsa musu dusa da ganyen rogo. Akwai wata babba ja, wadda ta sa wa suna Hajiya, saboda ƙiba da tafiyar ƙasaita.

A daminar shekarar nan girgiza ta yawaita. Wata safiya Entin ta fito da dusarta, sai ta tarar bangon tafkin ya tsage. Ruwa duk ya tsiyaye cikin gonar shinkafa. Kifaye na kwance a taɓo. Hajiya ma na ciki, baki a buɗe.

Entin ba ta yi kuka ba. Zuciya ce ta zo mata wuya.

A kasuwa ta sha jin manya suna cewa, tun da wani kamfani ya haƙa rijiyoyin tururi a saman dutse don samar da wutar lantarki, ƙasa ba ta zauna lafiya ba. Mahaifin Oding kuwa can yake aiki. Wannan ya ishi Entin.

Da aka fito tara a makaranta ta tare Oding a gaban kowa.

"Ga ɗan masu huda ƙasa nan," in ji ta.

Oding ya ce, "Babana ba ya huda komai. Famfo kawai yake juyawa."

"To, ya juya mini kifayena su dawo mana."

Yara suka kwashe da dariya. Daga ranar, duk wanda ya wuce Oding sai ya yi tangaɗi kamar ƙasa na rawa. Oding ya koma cin abincinsa shi kaɗai a bayan aji.

Malaminsu Pak Kosasih ya lura. Ya shigo aji da gutsattsarin tukunya guda biyu. Ya haɗa bakinsu, ya yi ta dannawa har ɗaya ya zame, ƙaras. Ya ce haka duwatsun ƙarƙashin ƙasa suke yi in suna da tsaga, kuma ƙasarmu cike take da irin wannan tsaga tun kafin a haifi kowa. Ya ce dutsen da ke samanmu ma yana da wuta a cikinsa, yakan motsa. Sannan ya ce ruwan da ake mayarwa cikin rijiyoyi masu zurfi, shi ma a wasu wurare yakan sa dutse ya zame.

Entin ta ɗaga hannu. "To, Malam, namu wanne ne?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Sai an kawo na'ura an auna."

Entin ta zumɓura baki. A ranta ta ce, malami guda wai bai sani ba. Ita kam ta sani.

Ta daina gaida Nini Ijah. Da tsohuwar ta aiko da soyayyiyar ayaba a ganye, kamar yadda ta saba, Entin ta ce ta ƙoshi. Mahaifiyarta, wadda take kira Ambu, ta yi mata faɗa. Amma Entin ba ta sauko ba.

Wata ranar Asabar bayan azahar, manya duk suna gonar shayi. Oding ya tafi yanko wa tumakinsu ciyawa. Entin na gida ita kaɗai tana tsintar shinkafa. Sai ƙasa ta motsa. Wannan ta ɗan fi na kullum ƙarfi. Cokula suka zube daga rataya.

Ta fito da gudu ta yi kira, "Muna nan!"

Daga can ƙasan ƙauye muryoyi suka amsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta juya wajen gidan Nini Ijah ta kasa kunne. Shiru.

Ta taka kamar za ta je. Sai idonta ya faɗa kan tsagaggen tafkin da ke tsakani. Ta tsaya.

"Ai su suka jawo," ta ce. "Su ji yadda ake ji."

Ta koma ta ci gaba da tsintar shinkafa. Sau da yawa takan ɗago kai ta dubi gidan. Ta gaya wa kanta cewa tsohuwar barci take yi.

Sai bayan la'asar iyayenta suka dawo. Ambu ba ta ko sauke kwandonta ba ta tambaya, "Nini ta amsa?"

Entin ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake yi. Ta amsa?"

"Ba ta amsa ba."

"Kin je?"

Entin ta girgiza kai. Kwando ya faɗi ƙasa. Mahaifinta, Abah, ya riga ya kai tsakiyar tafkin da gudu, taɓo har idon sawu.

A madafa suka sami Nini Ijah. Kabad ɗin kwanuka ya faɗo ya danne mata ƙafa. Leɓɓanta sun bushe. Abah ya ɗaga kabad ɗin, Ambu ta janyo ta a hankali. Entin na tsaye a bakin ƙofa.

Tsohuwar ta gan ta, ta yi murmushi. Da ƙyar muryarta ke fita.

"Na ji kiranki, 'yar nan," ta ce. "Na yi ta amsawa. Muryar ce ta tsufa, ba ta ƙetare tafkin ba. Kada ki damu, ba laifinki ba ne."

Da dai ta zage ta, da ya fi sauƙi. Entin ta fashe da kuka, ta faɗi gaskiya a gaban kowa, har da Oding da ya shigo da ciyawa a kafaɗa. Oding ya dube ta, ya ajiye ciyawar, ya juya mata baya.

An kai Nini asibiti a bayan babur. Ƙashi bai karye ba, amma ƙafar ta kumbura ƙwarai. A daren aka dawo da ita.

Da suka koma gida Abah ya zaunar da Entin. Ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, ga shi kuma bai ɗaga murya ba.

"Kina tsammani ni ban ji zafin tafkin nan ba?" ya ce. "Da hannuna na gina shi. Ni ma ina zargin rijiyoyin nan. Gobe ma za mu je wurin dagaci, mu ce lallai a kawo na'ura a auna, a gaya mana gaskiya. Kin san wa zai raka mu? Baban Oding. Bangon ɗakinsa ma ya tsage."

Entin ta ɗago kai. Ba ta san wannan ba.

"To, ki ɗauka ma kamfanin ne," in ji Abah. "Tsohuwar nan ita ta haƙa rijiya? Matar da ta goya ki ranar da uwarki ke kwance?"

Washegari da sassafe Entin ta ƙetara. Ta share wa Nini gida, ta ɗebo ruwa, ta dafa shayi. Haka ta yi ta yi kullum kafin makaranta. A aji kuma ta miƙe ta nemi gafarar Oding a gaban waɗanda suka yi dariya. Ya ce ya ji, amma bai dube ta ba.

Sai wata rana ta zo da guntun gora mai kauri. Tana so ta yi wa Nini ƙaramar ganga, irin wadda masu gadi ke bugawa, amma ta kasa huda ta. Oding ya daɗe yana kallonta tana fama.

"Kawo nan," ya ce. "Ai mu ne masu huda abu."

Suka yi dariya tare. Suka rataye gorar a wuyan Nini da igiya, da ɗan sandan bugawa.

Mahaifin Oding ya zo da siminti, shi da Abah suka toshe tafkin. Aka zuba sababbin kifaye. An kawo na'urar kuma, an binne ta a bayan makaranta. Har yanzu masana na dubawa, ba su gama ba.

Ana nan wata yamma ƙasa ta sake ɗan motsawa. Entin ta fito ta yi kira, "Muna nan!" Sannan ta riƙe numfashinta.

Daga ƙetaren tafki sai ga amsa: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Duk da haka Entin ta ruga ta duba. Ta tarar da Nini zaune tana dariya, da ayaba a ganye tana jiranta.

Yara, in abu ya ɓata muku rai, ku nemi sanin gaskiyarsa kafin ku ɗora wa wani laifi. Kuma komai zafin fushinku, in maƙwabci bai amsa ba, ku je ku duba shi.