Hawayen Lorna a Gaban Kyamara

Ranar Lahadi da yamma Bernice ta fito daga kicin riƙe da kek ɗin tuffa, sanye da rigar girki mai fulawoyi, fuskar nan sai murmushi. Kek ɗin na kanti ne, ita dai ɗumamawa ta yi. Mijinta Royce Tackett ya hakimce a kujerar maigida, ya naɗe hannun riga don zanen damtsensa ya fito, 'yarsu Lorna na gefensa. Bayansu kuwa fitilu da wayoyi da masu kyamara sun cika falon.

Haka Vance, mai shirya shirin talabijin ɗin da ake ɗauka a kan rayuwarsu, yake so. A gareji Royce zaki ne, yana ƙera babura yana jifa da sifana yana zagin Gus Pruitt, abokin gasarsa na tsallaken gada. A gida kuwa sai ya zama uban nan na wasannin barkwancin da, na zamanin talabijin baƙi da fari, mai yi wa yara nasiha a kan tebur, matarsa na zuba masa kofi. Jama'a sun so abin, har daga wasu jihohi ake zuwa ɗaukar hoto a ƙofar garejin.

Lorna ce ke yi wa tankokin baburan fenti, kuma ta daɗe tana son Clay, ɗan Gus ɗin nan da ake zagi, wanda shi ke yi wa ubansa walda. Mutum ɗaya ta faɗa wa a duniya, mahaifiyarta, ita ma sai da ta yi mata rantsuwa.

Ana cikin cin abinci Royce ya ajiye cokali, ya gyara murya.

"Lorna, ashe maciji nake kiwo a gidana? Ɗan Pruitt! Duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki so sai ɗan Pruitt?"

Kofin hannunta ya suɓuce. Ta juya ta dubi uwarta, Bernice ta sunkuyar da kai tana yanka kek.

"Mama... kin fa rantse min."

"Ubanki ne, 'yata. Ya zan ɓoye masa?"

"Shi kuma ya faɗa wa waɗannan?" Ta nuna masu kyamara, hawaye suka ɓalle mata. "Baba, don Allah ka ce su fita. Mu yi maganar nan mu kaɗai."

Royce bai dube ta ba, sai ya juya ya dubi Vance. Vance ya ɗaga hannu.

"Ya yi kyau ƙwarai! Amma fitila ta haske fuskarta da yawa. Royce, a sake daga maganar macijin nan. Lorna, kar ki share hawayen."

Ta zuba wa mahaifinta ido, tana jiran ya miƙe ya kori mutumin. Sai ta ga ya ɗauki cokalin, ya sake ajiyewa, ya sake gyara murya.

"Lorna, ashe maciji nake kiwo a gidana?"

Bayan an kwashe kaya ta same shi a gareji yana goge wani babur. Ya ce mata, ba tare da ya juyo ba, tashar ta yi barazanar soke shirin in bana ba a samu abin da zai girgiza masu kallo ba.

"Ma'aikata nawa ke ci a ƙarƙashina? Wasa ne kawai, yarinya. In an kwana biyu kowa zai manta."

"Ni ba wasa nake da Clay ba, Baba."

"To ki koya."

Da aka nuna shirin, abin ya wuce inda ta zata. An yanka an haɗa har Clay ya fito a ɗan leƙen asirin da ubansa ya turo ya yaudare ta don ya saci fasalin sabon babur ɗinsu. An ɗauko dariyar da ta yi wata rana daban, aka liƙa bayan ubanta ya kira shi ɓarawo. Washegari aka watsa wa motar Clay jan fenti. Mai kantin da yake sayen kofi tun yana makaranta ta ce ya je wani wurin.

Lorna ta tare shi a gidan mai da rana tsaka.

"Clay, ka tsaya ka ji ni!"

"Na ji ki ai. Duk ƙasar nan ta ji ki. Dariya kika yi, Lorna."

"Ba a nan na yi ta ba! Kai ma ka san yadda suke haɗa abin nan!"

"Na sani. Amma uwata ba ta sani ba, ta daina zuwa coci saboda kunya." Ya rufe murfin tanki. "Babana ya amince Vance ya ɗauki ramuwarmu, wai in tsaya in faɗa wa duniya ke kika bi ni. Na ce ba zan yi ba, ya ce in bar masa garejinsa. Kin ga inda gidanku ya kai ni?"

Ya ja motarsa ya tafi.

Lorna ba ta rama ba. Vance ya biyo ta da alkawarin ba ta fili ta wanke kanta, ta ce ya fita daga idonta. Ta haɗa kayanta ta koma wani ƙaramin gari, ta samu aiki a wurin masu fentin motocin da suka yi haɗari. Can ma ba ta tsira ba, don a layin kanti sai ta ji an ce, "Ba ke ce mai kukan nan ba?" Sai ta biya kuɗinta ta wuce. Samari sun zo, ta ba su haƙuri. Bernice kan kira ta tana kuka, ita kuwa ta gaishe ta da ladabi, su yi hirar ruwa da sanyi, amma ba ta ƙara buɗe mata cikinta ba.

Shirin ya ci gaba ba ita, ba Clay. Tsofaffin biyu suka yi ta zage-zage har masu kallo suka gaji, tashar ta soke shi, Vance ya tattara fitilunsa ya koma wurin wasu masu gasa nama. Ma'aikatan da Royce ya ce dominsu ya yi, ɗaya bayan ɗaya suka watse.

Wata safiya tana fesa wa ƙofar mota fenti, ta ɗago ta ga Clay tsaye, ya rame, riƙe da hularsa.

"Wanda ya yanka hoton nan ya neme ni, ya nuna min na asali," in ji shi. "Na ga kina roƙon a fitar da su. Bai kamata sai na gani zan yarda da ke ba. Wannan laifina ne."

"Laifinka ne," ta ce. "Ka san irin jiran da na yi?"

"In kin kore ni, na cancanta."

Ba ta kore shi ba.

A ƙaramin coci aka ɗaura auren. Gus ya ƙi zuwa. Royce ya zo cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa, ya tsaya a bakin ƙofa gaban 'yarsa yana motsa baki.

"Lorna, ni... ba wanda ya rubuta min abin da zan ce."

"To ka yi shiru, Baba. Riƙe hannuna kawai."

Ya riƙe, ya kai ta gaban fasto yana kuka kamar yaro.

Yanzu suna da ɗan garejinsu, suna gyaran baburan mutanen unguwa, suna zaune lafiya da 'yarsu ƙarama. Haƙurin Lorna ya mayar mata da mijinta, amma bai goge komai ba. Hoton nan har gobe yana yawo a wayoyin mutane, kuma ta san wata rana 'yarta za ta dawo daga makaranta ta tambaye ta me ya sa Kaka ya sa ta kuka.

Iyaye, ku ji tsoron Allah a kan sirrin 'ya'yanku. Masu tafa muku yau gobe za su canza tasha, ɗan da kuka tozarta kuwa da shi za ku tsufa, ko ya yafe muku ba zai ƙara sakin jiki da ku ba.