Ruwan Tausayi

Auta ya shigo falo ko takalmi bai cire ba, ya miƙa wa Amarya wayarsa har tana neman taɓa mata hanci.

"Duba nan. Na'ura ta ce ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ni da ke, wa ke rufe famfo?"

Amarya ta jingine tsintsiyar hannunta, ta rantse masa ta rufe, ta ma koma ta sake dubawa kafin ta fita. Ya yi wani murmushi wanda ya fi zagi ciwo, ya ce ashe na'urar ce maƙaryaciya ke nan. Ya shige ɗaki, abincin da ta jera masa ko kallo bai samu ba.

Lambun nan fa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Tun suna makaranta, lokacin da sauran masoya ke hirar kujeru da labule, su hirar tumatir suke yi. Da aka yi aure suka gyara filin bayan gida, suka ɗora tanki, suka sa sola, suka shimfiɗa siraran tiyo masu ɗiga ruwa a gindin kowace shuka, suka binne 'yar na'urar da ke aiko wa Auta labarin danshin ƙasa a waya. Rijiyoyin unguwa kullum ƙasa suke yi, su kuwa sun ce za su nuna cewa da ruwa kaɗan ma ana ciyar da mutane. Shi yana sammakon ofis, ita ce mai buɗe famfo ta rufe kafin ta wuce makarantar da take koyarwa.

To ga shi ganye ya fara yin rawaya, saiwa tana ruɓewa. Kuma abin da ya fi ƙona mata rai, mutumin da a da ko tuntuɓe ta yi sai ya ce sannu, yanzu maganarta ba ta da daraja a wurinsa. Ya ce waya ta ɗauke mata hankali, ya ce ba ta ɗauki wahalarsa a bakin komai ba. Ta yi kuka har ta gaji, ta riƙa ɗaura zare a famfo in ta rufe don ta tabbatar ba ta zauce ba. A banza. Gida ya koma daga ina kwana sai sai da safe.

Wata rana ciwon kai ya koro ta daga makaranta da rana tsaka. Tana leƙa bayan gida ta tsaya cak. Inna ce, mahaifiyar Auta da ke zaune tare da su, ta ɗaure zani tamau, tana jan bokiti daga randa, tana sheƙa wa tumatir ruwa tana yi masa magana kamar jika.

"Sha, bayin Allah, sha. Yaran zamani da rowa, sai ɗis-ɗis kamar maganin ido."

Amarya ta ja da baya, ranta in ya yi dubu ya ɓaci. Duk wannan baƙin cikin, ashe bokiti ne! Ta ɗauko waya za ta kira Auta, sai ta fasa. Ta san halinsa, in ransa ya ɓaci bakinsa ba linzami. Zai faɗa wa Inna maganar da ba za ta goge ba, Inna kuma ta riƙe cewa suruka ce ta haɗa ta da autanta. In ta yi shiru kuwa, ita ce mai sakaci har abada. Gaba kura, baya sayaki.

Ta kwana da abin yana cinta. Washegari da Auta ya fita, ta ƙi zuwa aiki, ta durƙusa ta gaida Inna, ta roƙe ta ta zo ta duba mata lambun tun da ita ta san ƙasa tun kafin a haife su. Inna ta zo da saurinta, tana cewa dama ta daɗe tana son ta ce ƙishi zai kashe shukar nan, a dubi yadda sama ta bushe ƙamas. Amarya ba ta musa ba. Ta kama hannun tsohuwar, ta tura shi cikin ƙasa a gindin wata shuka. Yatsun suka fito da caɓi. Ta tuge shukar, saiwar ta yi baƙi tana wari. A hankali ta bayyana mata cewa tiyon a ƙasa yake aikinsa, saman ne kawai ke yaudarar ido, kuma ruwa in ya yi yawa shaƙe saiwa yake yi. Ba ta ambaci bokiti ba ko sau ɗaya.

Inna ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ce, "Kin gan ni jiya, ko?"

Amarya ta sunkuyar da kai.

Da yamma Auta ya dawo ya ɗauko faɗansa daga inda ya ajiye. Inna ta katse shi, ta ce ya zauna, ta zayyana masa komai, har da yadda yarinyar nan ta gani da idonta ta haɗiye. Da suka keɓe ya kasa haɗa ido da matarsa, ya ba ta haƙuri, ya tambaye ta me ya hana ta wanke kanta tun jiya.

"Tumatir in ya mutu sai mu sake shukawa," in ji ta. "Kai da Inna fa, a ina zan samo iri?"

Rabin lambun ya tafi, rabi ya farfaɗo ya yi 'ya'ya har maƙwabta suna zuwa kallon tiyo. Inna ce yanzu ke tsaron famfo, kuma kowa ya matso da bokiti sai ya ji a jikinsa. Auta kuwa ya daina bari waya ta yanke wa matarsa hukunci.

Tausayi ba tare da sani ba yakan yi ɓarna, zargi ba tare da bincike ba ya fi shi. Amarya tana da gaskiya a hannu, ta ƙi jifan kowa da ita, shi ya sa ta tsira da mijinta, ta kuma sami uwa.