Ƙoƙon Kai a Soron Gwaggo Dije

Ƙarfe bakwai saura na safiyar Asabar Gwaggo Dije ta fito sharar soron gidanta a unguwar Sheshe, ta tarar da buhu jingine a bayan ƙyaure. Ta ɗauka na wani maƙwabci ne. Ta ja shi gefe, bakin ya kwance, wani abu mai kama da ƙwarya ya gangaro gabanta. Ta sunkuya. Ramukan idanu biyu ne ke kallonta.

Ihun da ta yi ya tara lungun gaba ɗaya. Aka zazzage buhun: ƙoƙon kan mutum, ƙasusuwan cinya biyu, da farar rigar ɗaliban likita mai ɗauke da sunan Mikail Sabo, ɗan ƙaninta maraya da ta raina, wanda ke aji biyu a jami'a.

"Ashe karatun ke nan!" wani ya ɗaga murya. "Matsafi ne!"

Kafin motar 'yan sanda ta iso bakin lungun, dutse ya riga ya fasa wa Mikail gira. Sufeto Larai Aminu ta ratsa taron, ta sa kofur ya tsare ƙofa, ta durƙusa gaban ƙasusuwan. 

Ta duba a natse. An yanke saman ƙoƙon da zarto, yanka santal, an maƙala masa 'yar ƙugiya. A jikin ƙasusuwan cinyar akwai ɗigon fenti ja da shuɗi, sun koɗe. An ɗaure muƙamuƙin da bandeji, an cusa auduga tsakanin haƙoran. Ta buɗe murfin ƙoƙon ta haska da wayarta. Can ciki, da tsohuwar tawada, an rubuta lamba 14.

Ta miƙe ta fuskanci jama'a. "Wannan ya fi shekara talatin da mutuwa. Kayan koyarwa ne na makaranta. Wanda ya sake ɗaga dutse, a caji ofis zai yi azahar."

A tsakar gida ta sami Mikail, Gwaggo na danne masa goshi da zani.

"Rigarka ce?"

"Tawa ce, ranki ya daɗe. A lab, ɗakin ƙasusuwa na makaranta, na rataye ta ranar Alhamis."

"Ƙasusuwan fa?"

"Na kabad ɗin jarrabawa ne. Ba ma ganinsu sai ranar jarrabawa. A kulle suke."

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Baba Jibrin. Amma shi abokin mahaifina ne. Shi ya cike mini fom ɗin shiga jami'a."

"Wa zai so ganin bayanka?"

Ya ce, "Jibi Litinin zan ba da shaida gaban kwamitin ladabtarwa. Na ga Nazeer, ɗan ajinmu, da takardar amsoshi tun kafin mu shiga jarrabawa."

Larai ta cire shi daga lissafinta tun a nan. Ba shi da makulli, kuma babu ɓarawon da zai ɗaura sunansa a jikin kayan sata ya ajiye a ƙofar gidansu.

Malam Jibrin, mai kula da ɗakin ƙasusuwa, dattijo ne mai furfura, mutumin Jakara. Da aka kira shi ya buɗe ɗakin, ya ga kabad a wangale, sai ya dafe kai yana salati.

"Shekara ashirin da bakwai, Hajiya, ko ƙashin yatsa bai taɓa ɓata a hannuna ba."

"Yaushe ka kulle?"

"Jiya, bayan masallacin Juma'a. Ga kwaɗon nan, kin ga yadda suka farfasa shi."

"Wa kake zargi?"

"Zato zunubi ne. Amma yaron nan Nazeer ya sha cewa sai ya yi maganin Mikail."

Larai ta ɗaga kwaɗon. Ya lotse, kamar an sauke masa guduma sau uku ko huɗu. Ta shafa ƙyauren kabad ɗin. Katakon lafiya lau, ko ƙwarzane babu. A ƙasa kuwa, taku biyu daga wurin, siminti ya ɓantare sabo. Ta ɗauki hoto. Ta roƙi dattijon ya nuna mata sauran ƙoƙunan. Guda biyar ne a jere, kowanne da lambarsa ɓaro-ɓaro a goshi da baƙin fenti.

A unguwar Gwammaja ta sami Nazeer kwance kan tabarma, ƙafarsa ta dama cikin filasta har gwiwa. Adaidaita ce ta buge shi ranar Laraba, takardar asibiti ta tabbatar. Katin shigarsa makaranta ma an karɓe tun mako uku.

"An ce ka yi alwashin maganin Mikail."

"Na faɗa, cikin fushi. Ki dube ni, ko banɗaki sai an riƙe ni."

"Ka san an kusa kashe shi yau da safe?"

Fuskarsa ta sauya. "Kashewa? Wallahi ban sani ba." Ya kawar da kai. "Ni tawa ta riga ta ƙare, korata za su yi. Amma ba ni kaɗai ke tsoron Litinin ba."

"Sai wa?"

"Amsoshin nan ai ba daga sama suka faɗo ba."

Ta nemi ya faɗi suna, ya ƙi.

Bayan la'asar Larai ta sa aka kawo Malam Jibrin ofishinta. Buhun na kan tebur. Ta ciro ƙoƙon da hannu ɗaya, da gangan ta zura yatsu cikin ramukan idanun.

"A'a, Hajiya! Ta ƙasa ake tallafarsa, ƙashin wurin kamar takarda yake!"

Ta ajiye a hankali. "Haka ne, Malam. Zauna mu yi magana. Wanda ya saci wannan so yake a ce Mikail matsafi ne. Mai irin wannan niyya watsa ƙashi zai yi a buhu ya gudu. Amma shi sai da ya tsaya ya ɗaure muƙamuƙi da bandeji, ya sa auduga don kada haƙori ya fita. Hannun da ya saba ne, ya kasa daina abin da ya saba."

"Ɗalibai ma sun iya ɗauri."

"Ɗalibai ba sa ganin cikin kabad ɗin. Ƙoƙo shida ne a ciki. Biyar na da lamba a goshi, kowa ya gani ya san na makaranta ne. Ɓarawon ya tsallake su ya ɗauki guda ɗayan da goshinsa ba rubutu. Wa ya san da shi?"

Larai ta nuna masa hoton da ta ɗauka.

"Sai kwaɗo. Da a jikin kabad aka doke shi, da katakon ya nuna. Da makulli aka buɗe shi, aka ajiye shi a ƙasa, aka farfasa. Simintin ya ba da shaida. Makullin kuma ɗaya ne, yana aljihunka. Kai ke jera ƙasusuwan ranar jarrabawa, kai kaɗai ka san abin da za a tambaya ban da malamai. In Mikail ya yi magana ranar Litinin, kwamiti zai tambayi Nazeer inda ya samo takardar."

Malam Jibrin ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. 

"Saura wata bakwai in yi ritaya," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na je har gida na roƙe shi ya ce bai gani da kyau ba. Ya ce, 'Baba, wanda ya ci jarrabawa da sata, gobe mutum zai yanka.' Bai san ni yake shirin tonawa ba. Na ce in aka tsare shi kwana uku, Litinin ta wuce, shi ke nan. Bayan sallar asuba na ajiye, na san lokacin soron a buɗe yake."

"A lungun Sheshe ka ajiye kan mutum, ka ce kwana uku? Ba ka san abin da taro ke yi ba?"

"Ban yi zaton za su taɓa shi ba."

"Ɗinki bakwai aka yi masa. Da dutsen ya sauko kaɗan, da babu idon."

Sai a lokacin dattijon ya fashe da kuka.

Larai da kanta ta koma Sheshe kafin magariba, don ba ta so su ji a bakin 'yan unguwa. Da ta faɗi sunan, Gwaggo Dije ta zame ta zauna a ƙasa daɓas.

"Jibrin? Jibrin da ya wanke gawar ƙanina Sabo da hannunsa?"

Mikail bai yi motsi ba. Ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan a kan Sufeto, kamar yana jiran ta ce kuskure aka yi.

"In kana so, zan rubuta wa kwamitin su ɗaga zaman," in ji Larai. "Babu wanda zai ga laifinka."

 Gwaggo ta kama hannunsa tana cewa ya haƙura da karatun nan haka, ya koma kasuwa wurin kawunsa, rai ya fi komai.

Ya zare hannun a hankali. "Gwaggo, in na zauna a gida, gobe duk wanda ya ga irin wannan shiru zai yi." Ya juya ga Larai. "Ƙarfe goma ne zaman, ranki ya daɗe. Ki bar shi yadda yake."