Gunagunin da Ya Ƙi Goguwa

Kwana uku mai tace bidiyo yana fama da wani gunaguni a faifan bikin ƙanwarsa. Ya rage shi, ya yanke wurin, ya ɗora kiɗa a kai, amma duk sanda ya fitar da aikin sai gunagunin ya dawo, daidai inda amarya ke shiga mota.

Bayan isha'i yana shago shi kaɗai, sai ya ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wata tsohuwa ce tsaye a bayansa.

"Kai ne marar kunyar da ke goge min magana?"

"Iya, mun tashi. Wa ma ya buɗe miki?"

"Uban wa ya aike ka? Da yarinyar nake, ba da kai ba. Ƙara sautin, ka kai mata ta ji."

"Fita kafin ranki ya ɓaci," ya ce, ya juyo ya dube ta sosai.

Leɓunanta suka motsa ba sauti, suka rufe, ta tsare shi da ido. Sai daga baya muryar ta iso, daga lasifikar da ke kan teburinsa.

"Sake taɓawa ka gani."